Rigakafin Goron Farfesa Na-Gane

"Duk wani artikil da masana suka rubuta a duniyar nan, ku miƙo mini shi. Kafin kofin shayin nan ya huce na shanye shi, na kuma nuna muku inda marubucin ya yi kuskure. Wata rana ma sai kun ga sunana a cikin irinsa."

Wanda ya faɗi wannan magana, abokina, Abduljalil ne. Ya faɗe ta ne a majalisarmu ta shayi da ke bakin shagona na atamfa a Zongo, yana kaɗa ƙafa a kan bencin da ba da shi aka saya ba. Mu dai Farfesa Na-Gane muke kiransa, kuma sunan bai zo a banza ba. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa ba. Ka ce masa, "Jiya na je Tampouy, sai na tarar da..." zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na gane, na gane," ya ƙarasa maka labarinka da abin da bai faru ba. Ko liman ne ya ja huɗuba, in ka lura da kyau, za ka ga leɓen Farfesa yana motsi.

Kada ka tambaye ni jami'ar da ta ba shi farfesancin. Shagon fotokofi yake da shi a Paspanga. 'Yan jami'a ke kawo masa takardunsu yana buga musu, yana ɗinke musu memwar, wato kundin kammala karatu. Shekara da shekaru maƙalun masana suna ratsawa ta hannunsa, suna shiga inji da sanyi suna fitowa da ɗumi, sai shi kuma ya yanke hukunci cewa ilimin a jikinsa yake sauka. Ya sayi tabarau marar magani. Ya koyi cewa "donk" da "bwala" na Faransanci a tsakiyar kowace magana, ko da kuwa cinikin ƙosai yake yi.

Ranar nan na ce masa, "To Farfesa, yaya ake shanye takarda mai shafuka haka kafin shayi ya huce?"

Ya gyara zama, don dama tambayar yake jira.

"Illiya, ku matsalarku ba ku san ginin artikil ba. Artikil baƙo ne da ya zo gidanka. Wancan ɗan guntun na sama, rezume, sallama ce kawai. Gabatarwa kuma gaisuwa ce: ina gida, ina yara, ina gajiya. Wa ke ɓata lokaci a kan gaisuwa? Sai ka tsallake ka faɗa tsakiya, inda aka rubuta metod. Bwala. Nan ne baƙo ke faɗin abin da ya kawo shi: ɗauki kaza, zuba kaza, rufe kaza. Nan naman yake."

"Sauran fa?"

"Sauran? Sakamako cika baki ne, lambobi a cikin akwatuna don a tsorata talaka. Tattaunawa gulma ce tsantsa, wane ya ce, wance ta ce. Kammalawa sai an jima ce. Jerin sunayen nan na ƙarshe kuwa, waɗanda suka zo cin tuwon suna ne. Ni ban taɓa karanta wutsiyar takarda ba, kuma ba zan fara da tsufana ba."

Majalisa ta yi dariya, shi kuma ya ɗauka tafi ne.

To, wannan Farfesa namu ya faɗa tarkon soyayya, kuma bai faɗa a ƙaramin gida ba. Ni'ima yake so, 'yar Alhaji Dalhatu. Yarinya mai natsuwa, tana karatun aikin gona a jami'a, bincikenta kuma a kan ƙwarin da ke cin goro ne. Gaskiya zan faɗa maka, son da yake mata na gaske ne. In ta shigo shagonsa har inji yake mantawa a kunne. Ita ma ba ta ƙi shi ba, don yana ba ta dariya, kuma ba ya barin takardunta su yi layi.

Sai dai gidan Alhaji Dalhatu gida ne mai al'ada. Tun kakanninsu fataken goro ne, waɗanda suka taka hanyar Gwanja da jakuna kafin su zauna a Wagadugu. A gidan nan ba a amsa wa mai neman aure da baki. Dangin yaro za su kawo goro, a buɗe a zaure gaban dattawa, uban yarinya ya sa hannu ya zaɓi ɗaya ya fasa. In ya kai baki ya tauna, an ba ku. In ya mayar cikin sauran, ku sha ruwa ku gaida gida. Kowa a Zongo ya san haka, shi ya sa mai neman 'yar gidan ya fi kula da goronsa a kan rigarsa.

Gwaggo Dela, ƙanwar mahaifinsa wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami, ita ta ɗauki nauyin goron. Ta sa aka zaɓo mata huhu guda na fari, marsa, manya-manya masu sheƙi, irin wanda in ka fasa ƙararsa kaɗai ta isa ta tashe ka daga gyangyaɗi. Sai aka ɗaga ranar, don Alhaji ya ce a jira yayansa ya dawo daga Kano. Donk, in ji Farfesa, dole goro ya yi makonni a ajiye, ga damina ta kankama.

Ana cikin haka Ni'ima ta kawo masa wata maƙala ya buga mata. Ina shagon ranar, na je buga takardun kwastan. Ta ce, "Yaya Jalil, ka buga biyu ka riƙe ɗaya. Kullum kana cewa kana karanta irin waɗannan, to ga wadda nake aiki da ita, ka san wahalar da nake sha. Amma ka fara daga rezume. Ni yanzu abin da ya dame ni a labo, ɗakin gwajinmu, shi ne ƙwarin nan, duk yadda na yi da su sai su..."

"Na gane, na gane," in ji Farfesa. "Suna damun ki. Ki bar ni da su."

Ta buɗe baki za ta gyara masa, wani ya shigo da katin biki, magana ta bi iska.

Ya duba kan maƙalar, ya ga an rubuta da Faransanci cewa hanyar kare goron ajiya ce daga ƙwari. Ka ga idon mutumin nan, sai ka ce an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya lashi yatsa, ya tsallake sallama, ya tsallake gaisuwa, ya dira a kan nama. Ƙaramin kan da aka rubuta da baƙin rubutu a saman sashen ma bai kalla ba, don a wurinsa wannan allon shago ne, mai saye ciki yake shiga. Ya karanta shafi guda, ya juya ya ga an fara akwatunan lambobi da sunayen Latin, ya rufe.

Da la'asar ya zo majalisa yana tafiya kamar ƙasa ta yi masa kaɗan.

"Jama'a, yau na gano abin da kakannin Alhaji Dalhatu suka mutu ba su sani ba. Ku saurara. Masana sun ce a samo goron da ƙwari suka riga suka shiga, a haɗa shi da lafiyayye a mazubi ɗaya. A rufe bakin da ƙyalle mai shara-shara don iska. A ajiye wuri mai ɗumi, a riƙa yayyafa ruwa. Kada a taɓa sai bayan makonni, sannan ƙwarin za su fito da kansu."

Na ce, "Farfesa, ruɓaɓɓe a cikin mai kyau?"

"Illiya, an yi maka allurar rigakafi kana yaro?"

"An yi."

"Me aka zuba maka a jiki? Ba cutar ba ce 'yar kaɗan? Bwala. Goron zai saba da ƙwaro, jikinsa ya yi ƙarfi, ƙwaro ya ga ba wurin zama, ya fito. Ga shi a rubuce: za su fito. Siyans ke nan, kimiyya, ba tsibbu ba."

Wallahi yadda ya tsara maganar, har wani dattijo a cikinmu ya gyaɗa kai.

Washegari ya ja ni kasuwa neman ruɓaɓɓen goro. Muka tsaya wurin Rasmata, wata Bamosa mai sayar da goro da ta fi shekara ashirin a rumfa ɗaya. Bayan an gaisa, an yi lafi lafi, ya ce mata wanda ya fi lalacewa yake so, mai huji, mai tsutsa a ciki in da hali.

Ta dube shi, ta dube ni, ta tambaye ni da Mosanci ko ɗan'uwana yana shan maganinsa kuwa.

Na ce mata masani ne.

Ta ce ai ta gani. Ta jawo kwandon da take tara na zubarwa, ta juye masa a leda, ta ƙi karɓar ko sisi, har da ce masa in yana son ƙari ya zo kowace Juma'a. Kafin mu fita kasuwa labari ya riga mu, 'yan goro suna ta kiransa, kowa na miƙo nasa. Farfesa ya ce mini, "Ka ga yadda talakawa ke girmama ilimi."

Wurin Gwaggo Dela ne aka yi yaƙi. Ta zauna a kan huhun nan ta ce sai dai a ɗaga ta da shi.

"Abdu, ka fita idona. Goron neman aurenka ne. Ni zan riƙa buɗe shi ina duba shi, ina sake masa ganye, har ranar ta zo."

"Gwaggo, wannan hanyar da ce. Yarinyar nan 'yar liniversite ce. Ranar nan ba goro kaɗai za mu kai ba, ilimi za mu kai. Kuma takardar nan ita da kanta ta ba ni."

Nan ya karya ta. Da ta ji cewa daga hannun Ni'ima takardar ta fito, sai jikinta ya yi sanyi. Ta tashi tana gunaguni, ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda aka kwantar da mai lafiya kusa da mai ƙyanda don ya ji daɗi ba. Ya ce mata ya gane.

Ya sayo babbar roba mai faɗin baki, ya juye marsan nan a ciki, ya bi shi da tsarabar Rasmata, ya gauraya da hannu biyu. Ya yanke gefen gidan sauron Gwaggo ya ɗaure bakin. Ya kai ɗakinsa ya ajiye a lungun da ya fi ɗumi. Ya je famasi ya sayo ma'aunin zafi ya rataye. Ka san wani abu? Ban taɓa ganin Abduljalil ya kula da wani abu a duniya kamar robar nan ba. Safe da yamma yana yayyafa ruwa. In rana ta yi zafi ya rufe shago ya hau moto, wato babur, ya zo ya duba. In an yi ruwa gari ya yi sanyi ya lulluɓe ta da bargonsa. Takarda ta ce kada a taɓa, bai taɓa ba. Duk abin da shafin nan guda ya ce, ya bi shi sau da ƙafa, ko ɗalibin da ke neman lambar yabo sai haka.

Bayan wani lokaci roba ta fara magana. In ka kasa kunne sai ka ji ƙus-ƙus-ƙus a ciki. Gwaggo ta kira ni ta ce in zo in ji.

Na ce, "Farfesa, wannan ƙarar fa?"

Ya sa kunne, ya lumshe ido, ya yi murmushi. "Faɗa ake yi. Goro ne ke kare kansa."

Aka kwana biyu, wari ya biyo baya. Ya ce gumin yaƙi ne. Sannan wata safiya ya zo shagona a guje, ko gaisuwa babu, ya ja ni har ɗakinsa. A jikin gidan sauron, ta ciki, ga wasu 'yan ƙwari masu ruwan ƙasa da dogon baki suna ta zirga-zirga.

"Ka gani? Me takarda ta ce? Za su fito. Ga su sun fito. Gudu suke yi, Illiya, hanyar fita suke nema."

"To a buɗe musu mana su tafi."

"A'a. Sai ranar. A gaban Alhaji za a sallame su, ya gani da idonsa."

Na so in ce wani abu, amma ka san yadda ake yi da shi. Ka fara, ya gane.

Sau ɗaya Allah ya kawo masa mafita har ƙofar shago. Ni'ima ta zo karɓar wasu takardu, ta tambaye shi ko ya karanta maƙalar. Ya ce tun ranar. Ta ce to me ya gani game da sakamakon, don ita akwatin lambobi na biyu ne ya ba ta mamaki. Ya gyara tabarau ya ce ai sakamakon ya yi sakamako sosai, sai dai marubutan sun cika surutu. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake yi. Ya ce mata ta shirya ganin abin mamaki ranar kawo goro. Ta sunkuyar da kai don kunya, ta ɗauka zobe yake nufi.

Ranar ta zo. A al'ada saurayi ba ya zuwa neman aurensa, manya ke zuwa. Kawu Isiyaku, wanda zai jagoranci tafiyar, ya faɗa masa haka har sau ba adadi. Farfesa ya ce wannan goro ba irin wanda jahili zai buɗe ba ne, dole sai da masani a kusa. Ya sha farar shadda, ya soke biro a aljihu, ya naɗe maƙalar a hannu. Ni aka ɗora wa robar a bayan moto, an lulluɓe ta da sabon zane. Tun a hanya nake jin ba ta da nauyin da ya kamata, kuma tana motsi a inda hanya ba ta da gargada.

Zauren Alhaji Dalhatu ya cika. Ga yayansa da ya dawo daga Kano, ga liman, ga tsofaffin 'yan goro na unguwa waɗanda haƙoransu kaɗai sun isa shaida. Aka kawo zomkom, ruwan gero mai sanyi, aka sha. Aka yi addu'a. Kawu Isiyaku ya faɗi abin da ya kawo mu cikin ladabi, ya ce a shigo da goro.

Da aka ga roba maimakon huhu, sai aka fara kallon-kallo. Alhaji ya dubi Kawu. Kawu ya dubi tabarma.

Sai Farfesa ya shigo daga bakin ƙofa inda aka ce ya tsaya, ya durƙusa, ya buɗe takarda.

"Baba Alhaji, a gafarce ni. Wannan goro ne na zamani, an yi masa rigakafi bisa metod na masana. Shekaru aru-aru ƙwaro yana cutar gidan nan da sauran fatake. Donk yau, a gabanku, za ku ga ƙarshensa."

Alhaji mutum ne marar yawan magana. Ya ce, "To, buɗe."

Ya yaye zanen, ya kwance igiyar, ya ɗage gidan sauron da hannu ɗaya kamar mai buɗe sabon masallaci.

Abokina, ni dai na ga ƙwari a rayuwata, amma ban taɓa ganin taron gangami irin wannan ba. Suka malalo ta kowane gefe. Suka bi tabarma, suka hau buzun liman, suka shiga kofunan zomkom. Yayan Alhaji, da ya zo da babbar riga mai aiki tun daga Kano, ya miƙe yana kakkaɓe hannun riga yana salati. Wari ya tashi ya cika zauren. Wani tsohon ɗan goro ya leƙa cikin robar, ya cire hularsa, ya riƙe ta a ƙirji.

Farfesa kuwa ko gezau. "Kada ku tsorata, tafiya suke yi. Baba, ga su sun bar maka goron. Bismilla."

Alhaji Dalhatu ya matso. Al'ada al'ada ce. Ya naɗe hannun riga, ya sa hannu cikin robar, ya daɗe yana lalube, ya fito da wanda ya fi kama da goro. Ya sa babban yatsa zai fasa. Ba a ji ƙara ba. Abin ya marmashe a tafinsa ya zama gari mai ruwan ƙasa, wata farar tsutsa mai ƙiba ta ɗago kai daga ciki.

Hayaniyar ce ta jawo matan gida bakin labule. Sai muka ji muryar Ni'ima, yarinyar da ko ɗaga ido ba ta yi a gaban manya.

"Kada ku taka su. Don Allah kada kowa ya motsa. Inna, kawo mini kwalabe, duk wanda kika samu."

Ta shigo zaure da mayafi a karkace, ta durƙusa tana kwashe ƙwari da murfin kwano, fuskarta kamar an ba ta kyautar mota. "Wata da watanni ina neman su. Nawa na labo duk mutuwa suke yi, na rasa waɗanda zan gwada magani a kansu. Kai, dubi ƙibarsu. Wa ya yi wannan kiwon?"

Duk zaure ya juya ya dubi Farfesa.

"Kiwo?" in ji shi.

Ta ga takardar a hannunsa, ta ga robar, ta ga gidan sauron. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ta karɓi maƙalar, ta sa yatsa a kan baƙin rubutun nan da ya kira allon shago.

"Yaya Jalil, me aka rubuta a nan?"

Ya matso da tabarau marar magani, ya karanta a hankali, muryarsa na raguwa. An rubuta: yadda aka kiwata ƙwarin gwaji.

Ta ce, "Metod ba takardar girki ba ce. Suna faɗin abin da suka yi ne don su gwada, ba abin da za ka yi a gida ba. Kafin a gwada magani ai sai an sami ƙwarin da za a zuba wa, shi ya sa suka fara da kiwo. Maganin yana shafi na gaba. Ko ya yi aiki ko bai yi ba, yana cikin sakamako. Duk wannan an faɗe shi a rezume, layi na biyu. Ban ce ka fara daga nan ba?"

Liman ya tsamo ƙwaro daga kofinsa ya miƙa mata.

Alhaji ya karkaɗe garin da ke tafinsa, ya goge hannu, ya dubi Kawu Isiyaku. "Malam Isiyaku, ƙwari dai mun karɓa, Allah ya yi albarka, don na ga yarinya tana so. Maganar aure kuwa..."

"Na gane, Baba, na gane," in ji Farfesa.

Kawu ya kama shi ta wuyan shadda ya fitar da shi, ni kuma na bi su da zanen, don robar an riƙe.

Za ka ce mutum ya ji kunya ya yi shiru. Kunya dai ya ji, don Gwaggo Dela ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa, gidan sauronta ma sai da ya sake mata sabo. A kasuwa kuma Rasmata na hango shi sai ta ɗaga kwandon shara. Ya bar wa wani shago, ya ce zai je Kano duba injinan fotokofi na zamani. Amma kafin ya hau mota sai da ya ja ni gefe ya yi mini fashin baƙi.

"Illiya, ka lura da kyau? Alhaji bai ci ba, gaskiya ne. Amma ya mayar?"

"Me zai mayar, Farfesa? Gari?"

"Bwala. Bai mayar ba. Donk magana tana nan a buɗe."

Duba injin nan ya ɗauke shi kusan shekara. Abubuwa da yawa sun faru a Zongo a bayansa, kuma duk wanda ya kira shi a waya don ya ba shi labari, da ya ce "Ka ji Ni'ima kuwa..." sai ya ji "Na gane, tana kewata," a kashe waya. Gwaggo ta gwada, Kawu ya gwada, ni ma na gwada. Muka haƙura.

Wata la'asar muna majalisa sai ga shi, daga tasha ko gida bai je ba, da jaka a kafaɗa da takardu a hannu, yana washe baki.

"Me na gaya muku? Na ce wata rana za ku ga sunana a artikil ko ban ce ba? Ni'ima ta wallafa nata, ta turo mini ta waya. Ku duba inda ta sa ni. Ba a gaisuwa ba, ba a wutsiya ba. A tsakiya, a cikin nama."

Ya buɗe metod ya karanta mana yana fassarawa da ƙarfi. An samo ƙwarin gwajin ne daga wurin Malam Abduljalil na unguwar Zongo, wanda ya kiwata su da kulawa ta musamman a cikin goron da ya lalace gaba ɗaya.

"Kulawa ta musamman," ya maimaita, yana bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Mace ba ta rubuta wa namiji haka a banza. Gobe zan tura Kawu da sabon goro."

Mai shayi ya ci gaba da fifita gawayin da ya riga ya kama. Tausayinsa ya kama ni, wallahi, amma na ga in ba takarda ce ta faɗa masa ba, ba wanda zai bari ya kai aya.

Na ce, "Farfesa, yau ɗaya dai, don Allah, karanta wutsiyar."

"Wutsiya? Sai an jima ce kawai."

"Karanta mana sai an jimar."

Ya yi tsaki, ya juya shafi na ƙarshe, ya sami ɗan sakin layin godiya da ke saman jerin sunaye, ya fara da muryar huɗuba. Marubuciya tana godiya ga malamanta. Tana godiya ga mahaifinta. Tana kuma godiya ta musamman ga abokin aikinta na labo, Abubakar Sadiƙ, wanda ya kwashe watanni yana taya ta kula da ƙwarin Malam Abduljalil, har Allah ya sa ya zama mi...

Nan muryar ta tsaya. Bakinsa ya yi ta motsi, kalmar ta ƙi fita.

Mai shayi ya miƙa masa kofi, ya ce, "Ƙarasa mana, Farfesa. Ko ka gane?"